Ratsin Ciyawa a Filin Wasa: Fenti Ne Ko Aikin Haske?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon wasan ƙwallon ƙafa na ƙasashen Turai a akwatin talabijin ba ya rasa lura da yadda filin yake da ratsi-ratsi, wani kore mai duhu, wani kuma kore mai haske, an jera su ɗaya bayan ɗaya kamar saƙar tabarma. Idan malami ya tambayi ɗalibansa dalilin haka, yawanci amsoshi uku yakan samu. Wasu su ce fenti aka shafa, wasu su ce ciyawa iri biyu aka shuka, wasu kuma su ce an yanke wani sashe ƙasa-ƙasa an bar wani da tsawo. Dukkan amsoshin nan uku suna da ma'ana a ido, amma babu ta daidai a cikinsu. Ciyawar iri ɗaya ce, launinta ɗaya, tsawonta ɗaya. Abin da kawai ya bambanta shi ne wajen da aka kwantar da ganyenta.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. To amma a fagen kimiyya shi kansa ganin sai an jarraba shi, domin ido yakan ba da labarin da ba haka yake ba. Wannan darasi zai yi bayanin yadda ratsin yake samuwa, da tarihin injin da ya haife shi, da irin na'urorin da masu gidaje a Ingila da Amurka suke haɗawa da hannunsu su ɗaura a bayan injin yankan ciyawa domin su fitar da shi, sa'an nan da abin da ilimin tsirrai yake cewa game da al'amarin.

Yadda haske yake haifar da ratsi

Ganyen ciyawa siriri ne mai faɗi kamar ruwan takobi. A cikinsa akwai sinadarin kulorofil, wanda yake shanye yawancin jan haske da shuɗin haske domin haɗa abincin tsiro, ya bar kore ya dawo wa ido. A bayan ganyen kuma akwai wata 'yar fata mai kama da kakin zuma, wadda take hana ruwan jikinsa ƙafewa. Wannan fata tana da santsi, saboda haka wani kaso na hasken rana ba ya ma shiga cikin ganyen, sai ya dawo daga kanta kamar yadda yake dawowa daga madubi.

Idan aka kwantar da ciyawa ta fuskanci gaba, wato ta ba mai kallo baya, abin da idonsa zai haɗu da shi shi ne faɗin ganyaye dubbai, kowanne yana maido da haske. Wannan sashe sai ya yi haske. Idan kuwa aka kwantar da ita ta fuskanto mai kallo, to bakin ganyayen kawai zai gani, tare da inuwar da ke ƙarƙashinsu da tsakankaninsu. Wannan sashe sai ya yi duhu. Mai yankan ciyawa yakan tafi da injinsa zuwa ƙarshen fili, ya juyo ya dawo ta gefen inda ya bi. Tafiyar ta kwantar da ganye gabas, dawowar ta kwantar da shi yamma, ratsi biyu sun samu ke nan.

Hujjar wannan bayani mai sauƙi ce ƙwarai. Mutum ya tsaya a wannan ƙarshen fili ya shaida ratsin da ya yi duhu, sa'an nan ya zagaya ɗaya ƙarshen ya sake dubawa. Zai tarar mai duhun ya koma mai haske, mai hasken ya koma mai duhu. Fenti ba ya yin haka, ciyawa iri biyu ma ba ta yi. Wanda ya taɓa shafa karan-miski da tafin hannu, ko ya shafi gashin doki sama da ƙasa, ya riga ya ga irin wannan sauyi. Har ila yau, ratsin ya fi fitowa idan rana tana bayan mai kallo kuma ta yi ƙasa, kamar da hantsi ko da la'asar, fiye da lokacin da take tsaka.

Taƙaitaccen tarihi

Kafin ƙarni na 19, masu hali a Ingila da dogon lauje ake yanke musu ciyawar farfajiya, ko kuma a saki tumaki su kiwace ta. A shekarar 1830 wani injiniya mai suna Edwin Budding, mutumin yankin Stroud a yammacin Ingila, ya yi rajistar injin yankan ciyawa na farko. Yankin nasu ya shahara da masaƙun ulu, kuma a can ne ya ga wata na'ura mai wuƙaƙe a murɗe jikin ganga, wadda take aske gashin da ya yi tsiri-tsiri a kan yadi bayan an saƙa shi. Sai ya yi tunanin cewa abin da ya aske yadi zai aske fili. A 1832 kamfanin Ransomes na garin Ipswich ya sami izinin ƙera injin, daga nan ya fara yaɗuwa.

Abin lura a injin Budding shi ne, a bayansa akwai rola, wato wata gangar ƙarfe mai nauyi da take mirginawa a ƙasa. Aikinta na asali shi ne ɗaukar nauyin injin da kuma juya wuƙaƙen ta hanyar haƙoran ƙarfe. Amma da yake tana bin bayan wuƙaƙen, duk ciyawar da aka yanke sai ta danne ta zuwa inda aka dosa. Ratsi dai ba shi aka nufa ba tun farko, biyo bayan tsarin injin ya yi, daga baya mutane suka so shi har ya zama alamar filin da ake kula da shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai wani sabon nau'in inji ya yaɗu, mai ƙafafu huɗu da wuƙa guda wadda take juyawa a kwance kamar fanka. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna shi ne Victa, wanda Mervyn Victor Richardson ya ƙera a birnin Sidni na Ostareliya a 1952. Irin wannan inji ya fi araha, ya fi sauƙin gyara, kuma yana iya cin doguwar ciyawa. Sai dai yawancinsa ba shi da rola, iskar wuƙarsa ma ɗaga ganye take yi sama. Saboda haka mai gidan da ya sayi irinsa, in yana son ratsi irin na filin wasa, dole ya sayi rolar da kamfani ya ƙera ko ya haɗa tasa. Nan ne asalin na'urorin gida da ake magana a kai.

Na'urorin da ake haɗawa a gida

Duk na'urorin manufarsu ɗaya ce: a sami wani abu mai faɗin injin, wanda zai bi bayan wuƙa ya tanƙwara ganye ba tare da ya karya shi ko ya tuge shi ba. Huɗu ne suka fi yawa.

Ta farko ita ce rolar bututu. Akan yanko bututun roba irin na masu aikin famfo, mai faɗin kamar santimita 8 zuwa 10, tsawonsa daidai da tazarar da ke tsakanin ƙafafun baya. A cika shi da yashi ko kankare, a toshe bakunansa biyu, a zura sandar ƙarfe ta tsakiya domin ya riƙa juyawa a kanta. Sa'an nan a haɗa bakin sandar da jikin injin da ƙarafa biyu masu motsi sama da ƙasa, yadda rolar za ta bi tudu da kwari da nauyin kanta.

Ta biyu ita ce shimfiɗar roba. Akan sami roba mai kauri, kamar tsohon bel na injin masana'anta ko tabarmar ƙofa, a ɗaure ta a bayan injin tana jan ƙasa. Wasu sukan ƙara mata nauyi da ɗan ƙarfe a gefen da ke ƙasa. Ta fi kowacce sauƙin haɗawa, amma ratsinta bai kai na rola fitowa ba.

Ta uku ita ce labulen sarƙa: gajejjerun sarƙoƙi a jere jikin sanda guda, suna reto suna shafar ciyawa. Amfaninta shi ne ba ta damuwa da rashin daidaiton ƙasa. Ta huɗu kuwa ita ce kan buroshin shara mai faɗi, wanda yake taje ganyen kamar yadda mataji yake taje gashi.

A nan akwai ɗan lissafi da ya dace ɗalibi ya gwada. A ɗauka bututu yana da faɗin santimita 10 a ciki da tsawon santimita 50. Rabin faɗinsa 5 ne. Cikinsa zai zama 3.14 sau 5 sau 5 sau 50, wato santimita murabba'i mai zurfi 3,925, kusan lita 3.9. Idan ruwa aka zuba, nauyin zai kai kilo 3.9. Busasshen yashi yana da nauyin kimanin kilo 1.6 a kowace lita, saboda haka zai ba da kilo 6.3. Kankare kuwa, mai kimanin kilo 2.4 a lita, zai ba da kilo 9.4. Bututu ɗaya, nauyi uku. Da wannan lissafi mai haɗawa zai san abin da zai zuba tun kafin ya sayi komai, domin rolar da ta yi sakayau ba ta kwantar da ganye, wadda ta yi nauyi ainun kuma tana gajiyar da mai turawa, tana kuma cutar da ƙasa kamar yadda za a gani nan gaba.

Wajibi ne a yi gargaɗi. Wuƙar irin wannan inji tana juyawa kimanin sau 3,000 a minti ɗaya, tana iya cilla tsakuwa ko guntun ƙarfe da ƙarfin da zai fasa ido. Duk abin da za a ɗaura dole ya kasance gajere yadda ba zai kai ga wuƙa ba ko da an ja injin da baya, musamman sarƙa da roba. Ba a cire marfin kariya da kamfani ya sa a bayan inji don a sami wurin ɗaura rola. Kafin a taɓa ƙarƙashin inji kuma, sai an kashe shi an cire wayar fulogi. Wannan aiki ba na yara ba ne su kaɗai.

Abin da ilimin tsirrai yake cewa

Tambaya ta farko ita ce, me ya sa ciyawa take jure yanka da danniya mako bayan mako, alhali da za a yi wa tumatir ko kuɓewa haka da tuni sun mutu? Amsar tana wajen da tsiron yake girma. Yawancin tsirrai daga kan reshe suke ƙaruwa, in an sare kan, an sare wurin girma. Dangin ciyawa kuwa, wanda ya ƙunshi nau'i fiye da 10,000 har da gero da dawa da masara da shinkafa da alkama da rake, ƙwayoyin halittar da suke rarrabuwa su ƙara tsawon ganye suna can gindin ganyen ne, kusa da ƙasa. Wuƙa tana cire tsohon sashe ne kawai, sabo yana turowa daga ƙasa. Wannan ne kuma dalilin da makiyaya take sake tohowa bayan shanu sun kiwace ta.

Tambaya ta biyu: me ya sa ratsi yake gushewa bayan 'yan kwanaki? Dalilai uku ne suke haɗuwa. Na ɗaya, ƙwayoyin ganye cike suke da ruwa wanda yake tokare bangonsu kamar iska a cikin tayar keke, saboda haka ganyen da aka tanƙwara yana ƙoƙarin komawa yadda yake. Na biyu, sabon sashen da yake fitowa daga gindi a miƙe yake fitowa. Na uku, tsiro yana jin inda ƙasa take da inda haske yake. Charles Darwin da ɗansa Francis sun yi gwaje-gwaje a kan jariran tsirrai na dangin ciyawa, suka buga sakamakon a 1880, inda suka nuna cewa kan tsiron ne yake jin haske, amma can ƙasa da shi ne ake lanƙwasawa. A cikin shekarun 1920 wani masani ɗan ƙasar Holan, Frits Went, ya nuna cewa wani sinadari ne yake ɗaukar saƙon, wanda aka sa wa suna okzin. Idan kara ya kwanta, okzin yakan taru a gefen da ke ƙasa, ƙwayoyin wannan gefe su fi na sama tsawo, sai karan ya ɗago. Manomi ya san wannan ko da bai san sunansa ba: dawar da iska ta kwantar tun tana ɗanya takan ɗago kai daga gaɓoɓinta bayan kwanaki kaɗan.

Tambaya ta uku: kowace ciyawa ce take yin ratsi? A'a, sun bambanta. Ciyayin ƙasashe masu sanyi suna da dogon ganye mai laushi wanda yake kwanciya cikin sauƙi. Fitacciya a cikinsu ita ce wadda masana suke kira Lolium perenne, mai ƙyalli a bayan ganye. Ita kaɗai ake shukawa a filayen wasan tanis na Wimbildon a Landan tun 2001, kuma ana yanke ta a tsawon milimita 8 lokacin gasa. Ratsi yana fitowa a can duk da wannan gajarta domin ciyawar ta yi cunkus, ana kuma bin ta kullum da inji mai rola. A farfajiyar gida, inda babu irin wannan kulawa, sai an bar ganye ya kai kamar santimita 6 zuwa 9 kafin ya sami tsawon da zai kwanta sosai.

Ciyayin ƙasashe masu zafi kuwa, irin su kiri-kiri, wadda masana suke kira Cynodon dactylon kuma ake shuka ta a filayen wasa da yawa na wurare masu zafi, ganyensu gajere ne mai tauri, karansu kuma yaɗo yake yi a ƙasa. Suna jure rana da ƙishirwa da tattaki fiye da na ƙasashen sanyi, amma ba sa kwanciya da sauƙi, ratsinsu bai cika fitowa ba sai da rola mai nauyi da isasshen ruwa. Saboda haka rashin ratsi a fili ba ya nufin ciyawar ba ta da lafiya, haka nan yawan ratsi ba shaidar lafiya ba ne.

Amfani da illa

A filin ƙwallon ƙafa ratsi yana da amfani bayan ƙawa. Idan ya ratsa filin a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, yana taimaka wa mataimakin alƙalin wasa wajen gane satar gida. Filin ƙungiyar Leicester City ya yi suna da zane-zane masu ban sha'awa da ma'aikatansa suke fitarwa a kan ciyawa, amma daga kakar wasa ta 2017/2018 hukumar gasar Firimiya ta Ingila ta hana irin wannan ado, ta ce a tsaya ga miƙaƙƙen ratsi da aka saba.

Illar kuwa a ƙarƙashin ƙasa take. Saiwa tana numfashi, tana bukatar iskar da ke cikin ƙananan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan aka riƙa bin hanya ɗaya da inji da rola mai nauyi, musamman a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa mai yumɓu, ramukan sai su toshe, ruwa ya kasa shiga, saiwa ta kasa nutsawa, ciyawa ta fara yin rawaya a daidai sawun ƙafafun injin. Shi ya sa masu kula da filaye suke sauya fuskar yanka lokaci-lokaci, in an bi gabas da yamma wannan karo, wani karo a bi kudu da arewa. Suna kuma kiyaye ƙa'idar cewa ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka guda, domin ganye shi ne madafar tsiro. Haka nan wuƙa mai dakushi yayyaga ganye take yi, bakinsa ya bushe ya yi fari, ƙwayoyin cuta su sami ƙofar shiga. Wanda ya fifita ado a kan lafiyar saiwa, ƙarshenta ya rasa duka biyun.

Gwajin da za a iya yi a makaranta

Wannan darasi ba ya bukatar ɗakin gwaji ko inji. Da damina, a sami wuri mai ciyawa mai laushi wadda ta kai tsawon yatsa. A ɗaura igiya a bakin katako mai tsawon mita ɗaya, a ɗora masa bulo, a ja shi mita 10, sa'an nan a juyo a dawo ta gefensa. A raba ɗalibai gida biyu, kowane rukuni ya tsaya a ƙarshe ɗaya ya rubuta ratsin da ya ga ya fi duhu, ba tare da sun yi shawara da juna ba. Amsoshinsu za su saɓa. Sai su yi musayar wuri su sake rubutawa. Bayan haka a tsinko ganye goma daga kowane ratsi, a auna tsawonsu da rula, a jera su a kan farar takarda a gwada launinsu. Daga ƙarshe a riƙa duba wurin safe da yamma ana rubuta ranar da ratsin ya ɓace.

Domin ganin aikin okzin, a shuka masara a gwangwani biyu. In ta yi mako guda, a kwantar da gwangwani ɗaya a gefensa, a bar ɗaya a tsaye, a sa su duka a cikin akwati mai duhu don kada haske ya shiga maganar. Cikin kwana ɗaya ko biyu za a ga wadda aka kwantar ta lanƙwasa ta nufi sama.

Kammalawa

Ratsin ciyawa ƙaramin abu ne, amma ya haɗa darussa uku: yadda haske yake dawowa daga jikin abu, yadda ake lissafin nauyi da ciki, da yadda tsiro yake girma yana amsa abin da ya same shi. Na'urar da take haifar da shi ba ta wuce bututu da yashi ba. Ɗalibin da ya zagaya ɗaya ƙarshen fili ya ga duhu ya koma haske ya koyi abin da ya fi sunan kowane sinadari muhimmanci, wato kada a yanke hukunci daga wuri ɗaya, kuma duk bayanin da aka bayar a nemi hanyar gwada shi.

Tambayoyi

1. Kawo hujja guda da take nuna cewa ratsin filin wasa ba fenti ba ne.
2. Bututu mai faɗin santimita 8 da tsawon santimita 60, kilo nawa na busasshen yashi zai ci?
3. Me ya sa ciyawa take sake tohowa bayan an yanke ta, amma tumatir ba ya jure haka?
4. Bayyana dalilin da ya sa aka sanya gwangwanayen masara a cikin akwati mai duhu.
5. Wace illa rola mai nauyi take yi wa jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma ta yaya ake kauce mata?